Wata Huɗu da Kwana Goma

Na cika wata shida a Faransa ban san sunan titin da nake zaune a kansa ba. Matar da ta ɗauko ni daga Yawunde matar wani babban ma'aikaci ce da mijina yake yi wa ɗinki a shagonsa na Briqueterie, unguwarmu da muke ce wa Birik. Ta ce za ta sa ni makarantar koyon jinya, in ɗan taya ta aikin gida kafin a buɗe. Har yau da nake wannan rubutu ba a buɗe makarantar ba. Fasfona yana jakarta, ni ina kicin. In na tambaya sai ta ce, "Mairo, kin cika gaggawa. Nan fa ba kasuwar Mokolo ba ce."

Ni da na tashi ina sayar da ƙosai a bakin titi, duk layinmu an san bakina, sai ga ni ina hira da tukwane. Abin da ya kai ni kuwa ba kwaɗayi ba ne. Gwanjo ya kashe wa mijina Malam kasuwa, mutum ya sayi riga uku a Mokolo da kuɗin ɗinki ɗaya. Allah bai ba mu haihuwa ba, babu wanda zan bari yana kuka. Muka shirya ni da shi cewa in yi shekara biyu in kafu, shi kuma ya biyo ni da kekensa na ɗinki.

Tafasasshen mai ne ya fitar da ni daga gidan nan. Ya zubo mini a hannu, matar ta ce in shafa man goge baki. Da hannun ya fara wari na buɗe ƙofa na bi titi, har na ga wani ƙaramin asibitin unguwa. Mai jinyar ta wanke ciwon, ta dube ni, ta dubi silifas ɗin da ke ƙafata cikin wannan sanyi, ta ɗaga waya. Wadda ta kira ita ce Madam Kolet, ma'aikaciyar gwamnati mai kula da matsalolin talakawan unguwa. Gajeriya ce, tabarau rataye a wuya, tana warin taba kamar direban babbar mota. Ta zaunar da ni ta saurare ni awa biyu ba ta dubi agogo ba. Washegari ta je gidan da kanta, ta fito da fasfona a hannu.

Takardun zama sun ci shekaru, ba zan gajiyar da kowa da labarinsu ba. Ita ce dai ta bi su ofis ofis, ita ta samo mini aiki a wata ƙungiya da gwamnati take ba kuɗi don kula da tsofaffi a gidajensu. A shekarata ta shida ta kira ni, ta hau da ni bene hawa uku a wani dogon gini na gwamnati, ta buɗe ƙofa. Ɗaki ne da ɗan falo da kicin. Ta ce in biya rabin haya, ofishin taimakon haya ya cika sauran. Na fara godiya irin tamu, har ina neman durƙusawa, ta riƙo ni.

"Tashi, ba sadaka ba ce," in ji ta. "Kina aiki, duk wata ana cira a albashinki. Ranar da kika faɗi a ɗaga ki. Haka muka shirya ƙasar nan."

Na ce, "Ashe adashi ne, na ƙasa gaba ɗaya."

Na yi mata bayanin adashi, yadda kowa yake zubi yana jiran ranar kwasarsa. Ta yi dariya har da tari, ta ce ba ta taɓa jin wanda ya fahimci abin da sauri haka ba. Sannan ta sa mini makulli biyu a tafin hannu. Na yarda da maganarta har cikin raina, kuma da ita na rayu shekara goma sha bakwai a ɗakin nan.

Makulli ɗaya na aika wa Malam ta hannun wani ɗan kasuwa. Ya haɗa shi da makullan shagonsa a zobe ɗaya. In na kira shi sai ya kaɗa su a bakin waya ya ce, "Kin ji? Ni fa mai gida ne a Turai, a riƙa yi mini magana da ladabi." Sau uku na cika takardun ɗauko shi. Na farko suka ce albashina bai kai ba. Na ƙara awanni, na sake nema, suka ce wata takarda ta tsufa kafin su duba ta. Na uku ba su ma ba ni amsar da zan iya maimaitawa ba. Sai muka koma in je gida wata ɗaya duk shekara biyu. 'Yan Birik sun yi masa tsiya har sun gaji, suna ce masa gwauro mai mata. Shi dai ya yi murmushi ya ci gaba da taka kekensa.

Aikina wankan tsofaffi ne, da canza musu shimfiɗa, da ba su abinci a baki. Na wanke mutanen da 'ya'yansu ba su san launin bangon ɗakinsu ba. Wanda na fi daɗewa da shi Baba Rene ne, tsohon ma'aikacin masaƙa, ƙato da hannu kamar faranti, amma ƙafafu sun ƙi. Ranar farko ya ce ba ya son baƙar fata ta taɓa shi. Na ce to, nima ba son taɓa shi nake ba, amma warin da yake yi ya fi ƙarfin ra'ayinmu mu biyu. Ya zuba mini ido, sai ya fashe da dariya. Daga ranar ya koma kirana Mari, ni kuma Baba.

A gidansa na ga yadda abin yake zaizayewa, don ba rana ɗaya aka rushe shi ba. Da farko awa biyu nake yi masa kowace safiya: wanka, aski, karin kumallo, mu zauna ya zagi 'yan siyasa. Aka mai da ita awa ɗaya da rabi. Aka mai da ita minti arba'in da biyar, aka ba mu waya da za mu dangwala a bakin ƙofa in mun shiga, mu dangwala in mun fita. Aka cire aski daga jerin ayyukan, wai ba dole ba ne. Sai in dangwala wayar in nuna na fita, in dawo in yi masa askin a lokacina. Ƙaramin asibitin da ya wanke mini hannu aka rufe shi, aka ce kowa ya tafi babban gari. Motar da take zuwa babban garin ita ma aka rage mata zuwa.

"Shekara arba'in ina zubawa, Mari," in ji shi wata safiya, kumfa a haɓarsa. "Ba ke kaɗai suka yi wa alkawari ba. Mu suka fara yi wa."

Ofishin Madam Kolet ya koma kwana uku a mako, ya koma ɗaya. Da ta yi ritaya ba a kawo kowa ba. Aka ajiye wata na'ura a lungu, mai allo, ka latsa ta ba ka lamba. Na ga duk wannan da idona, amma ban ji tsoro ba. Gani nake ni mai zubi ce, ban taɓa fashi ba, ranar kwasata tana nan.

Ina ɓalla wa Baba Rene maɓallin riga wayata ta yi ƙara. Yaya Atine ce, yayar Malam, wadda ta riƙe shi tun yana yaro. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba. Ta ce, "Mairo, sai haƙuri. Malam ya faɗi a kan keke da hantsi. Za a kai shi bayan azahar." Na ƙarasa ɓalla maɓallan, har na wuya. Baba Rene ya riƙe hannuna da wannan ƙaton hannun nasa bai sake ba, wayar aiki tana ta kuka wai lokaci ya cika.

Shugabar aikinmu ta ce doka ta ba ni kwana uku. Na ce kwana uku ko jirgi bai gama juyawa ba, ta rubuta mini hutu ba albashi. Na biya rabona na haya na watannin da zan yi. Na kira ofishin taimakon haya in gaya musu an yi mini rasuwa, murya ta ce in latsa ɗaya, in latsa huɗu, in jira. Na jira har kuɗin wayar ya ƙare. Na sauka Yawunde ranar sadakar uku.

Na shiga takaba a ɗakinmu na bayan shago. Wata huɗu da kwana goma mace za ta zauna a ɗakin mijinta, ba kwalliya, ba turare, ba fita sai da larura. Kekensa yana nan da rigar wani a ƙarƙashin allura, rabin hannu bai ɗinku ba. Zoben makullansa yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, nawa na Faransa a tsakiyarsu, ya yi baƙi saboda shafar hannu. Daga kan tabarma ina jin Birik tana harkarta: kekunan teloli, masu tasi suna kiran Mokolo, hayaƙin masu suya yana shigowa da la'asar. Kwano kuwa ba ya yankewa. Matan da na bari suna goyo yanzu jikokinsu ne suke kawo mini abinci. Shekara ashirin da uku rabona da in zauna wuri ɗaya ba agogo a kaina, kuma a nan na san na yi rashi. Na yi kuka irin wanda ban samu lokacin yi ba tun ina kicin ɗin matar nan.

Ana cikin wata na huɗu maƙwabciyata ta can, wata 'yar Mali, ta aiko mini da saƙon murya. Ta ce in yi hankali, yanzu ana duba fasfo, duk wanda ya bar ɗakinsa fiye da wata huɗu a shekara ana yanke masa taimakon haya. Na sa wa Yaya Atine ta ji. Ina zaton za ta ce in zauna, sai ta ɗauki mayafi ta nufi gidan Liman. Ta dawo ta ce Liman ya ce addini bai matsa ba, in akwai larura in tafi in ƙarasa a can.

"Ki tashi ki tafi, Mairo," in ji ta. "Wanda ya mutu ya mutu. Ɗakin can na Turai shi ne wahalarki ta shekara ashirin."

Na ce, "Yaya, shekara ashirin da uku yana jirana a ɗakin nan. Ni kwana goma ne zan kasa yi masa?"

"Turawa ba su san takaba ba."

"Sun san mutuwa ai. Su ma suna mutuwa, a hannuna ma. In na je zan yi musu bayani."

Ta dube ni ta girgiza kai, ta ce taurin kaina ne ya kai ni Turai, shi ne kuma zai dawo da ni. Ban ji haushi ba don na san gaskiyata. A raina ina ganin wata Madam Kolet a bayan tebur, in ce mata mijina ne ya rasu, ta cire tabarau ta ce Allah sarki. Na cika kwanakina cif, aka yi sadaka, na yi wanka na sa sabon zane. Bayan kwana uku na hau jirgi da kwalba biyu na soyayyar gyaɗa, ɗaya ta Baba Rene, ɗaya ta duk wanda zan tarar a ofis, don ba a zuwa wurin mutum hannu sake.

Ƙungiyarmu na fara zuwa, na tarar da takarda manne a ƙofa. An janye kuɗin da ake ba ta, ta rufe, an raba tsofaffin. Baba Rene an kai shi wani gidan tsofaffi mai nisa, sai da na hau mota biyu. Na same shi a keken guragu yana fuskantar bango, gemu ya cika masa fuska har wuya. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Kin makara, Mari." Na roƙi reza a wurin ma'aikaciyar, yarinya ɗaya tal a kan tsofaffin bene guda, ta ce in yi abin da na ga dama, ita ba ta da hannu uku. Na yi masa aski. Ya rungume kwalbar gyaɗar a cinya ko da yake ba shi da haƙorin cinta.

A gida wasiƙa tana jirana. An yanke taimakon haya saboda na ƙara kwana goma a kan wata huɗun da suka yarda. Ga ba aiki, ga gwiwa ta fara ba ni matsala, ɗan abin da ake ba wanda ya rasa aiki kuma bai kai hayar gaba ɗaya ba. Na je ofis, na'ura ta ba ni ranar ganawa bayan mako bakwai.

Cikin makonnin nan na nemo gidan Madam Kolet. Ta tsufa, ta daina taba, amma bakin yana nan. Ta karanta wasiƙar sau biyu ta yi wata ashar da ban taɓa ji a bakinta ba.

"A zamanina layi biyu zan rubuta da biro, magana ta mutu," in ji ta. "Yanzu allo ne yake yanke hukunci, yaran da ke wurin latsawa kawai suke yi. Saurara, Mairo. Ciwo yana cikin dalilan da suke karɓa. Zaman makoki ba ya ciki. Ki samo takardar likita daga can, a ce kin kwanta kwana goma."

Na ce, "Madam, ke ce kika ce mini ba sadaka ba ce."

Ta cire tabarau ta goge ido. Ta ce, "Lokacin da na faɗa miki gaskiya ne."

Na gaya wa Yaya Atine, ba don ina so ba. Kwana biyu ta turo takardar. A Yawunde in dai hatimi ne ba a rasa mai shi. An rubuta wai zazzaɓin taifot ya kwantar da ni, har da sunayen magunguna. Na buga ta a takarda, na ninke, na sa a jaka ƙarƙashin kwalbar gyaɗa.

Wanda na tarar ranar ganawa saurayi ne, bai fi sa'an ɗana ba da a ce Allah ya ba ni haihuwa. Yana da ladabi, idonsa duk gajiya. Ya juyo allon ya nuna mini ranar fitata da ranar dawowata, ya ce mene ne dalili.

Na ce, "Mijina ne ya rasu."

Ya yi mini ta'aziyya, har ga Allah da gaske yake. Sannan ya ce, "Amma Madam, jana'iza ai kwana ɗaya ce, ko mako."

Na yi masa bayanin takaba da Faransancina na wankan tsofaffi. Na ce a wurinmu mace tana zama wata huɗu da kwana goma, ba ni na yanka kwanakin ba. Ya saurara, ya duba allo, ya gangara ƙasa ya hauro. Ya ce babu gurbin wannan. Sai ya rage murya, ya dube ni ido cikin ido.

"Ba ki yi rashin lafiya a can ba? Ko kaɗan? In akwai takarda, zan iya sa ta yanzu."

Yaron nan ƙofa ya buɗe mini, na sani. Hannuna yana cikin jaka, ina taɓa takardar. Sai na tuna tabarmar nan, da rigar da ke ƙarƙashin allura. Duk zaman aurenmu wata ɗaya ɗaya na riƙa ba Malam, kamar mai ba da aro. Abu ɗaya tak na ba shi cikakke ban rage ba, shi ne kwanakin nan. Yanzu a ce in sa hannu cewa ba don shi na zauna ba, taifot ne. Na fito da hannuna ba komai.

Na ce, "Lafiyata ƙalau. Shekara ashirin ina wanke iyayenku, ban taɓa makara ba. Mijina na ba kwana goma, shi ne kuka ce na yi laifi?"

Ya mai da ido kan allon. Ya latsa abin da zai latsa, ya ce ina da damar ɗaukaka ƙara ta na'ura. Da zan tashi na ajiye masa kwalbar gyaɗa a tebur, don dai na riga na kawo. Ya tura mini ita a hankali, ya ce doka ta hana su karɓar komai. A bakin ƙofa na tsaya na rasa inda zan nufa. An cuce ni a ƙasar nan tun ranar da na sauka, amma matar da ta riƙe fasfona ban taɓa yarda da ita ba, don haka ba ta ci amanata ba. Waɗannan na yarda da su.

Na ɗaukaka ƙarar, amsa ta zo da kalmomin wasiƙar farko. Na nemi aiki, duk inda na je sai su dubi gwiwata su dubi shekaruna. Wasiƙun masu gida suka fara canza launi. Na ga yadda ake fitar da mutane a ginin nan, kaya a bakin titi maƙwabta suna leƙe, na ce ni ba za a yi mini haka ba. Na rubuta musu da kaina cewa zan tashi.

Ranar miƙa ɗaki wani ma'aikacin masu gida ya zo da allo a hannu. Ya duba bango, ya buɗe famfo, ya leƙa bayan murhu. Ya ce bai taɓa karɓar ɗaki mai tsabta haka ba. Na miƙa masa makulli. Ya duba takardarsa.

"An rubuta biyu aka ba ki, Madam. Ina ɗayan?"

Na ce, "Yana wurin mijina."

"To ki ce masa ya aiko da shi."

Na ce to.

Yanzu shekara biyu ke nan ina Birik, a ɗakin bayan shago. Na ba wani tela hayar gaban, ni kuma na koma ƙosaina da safe, bakina ya dawo har ya fi da. 'Yan mata suna zuwa su tsuguna kusa da kaskon su ce, "Inna Mairo, gaskiya ne a can gwamnati take biya wa mutum haya, ta kai shi asibiti?" Sai in ce musu na ga lokacin da gaskiya ne, na kuma ga ƙarshensa, su je su tambayi wani tsoho mai suna Rene in yana da rai. Yaya Atine har yau in ta shigo sai ta ce kwana goma sun cinye mini gida. Ba na musu da ita.

Rannan tana gyara mini ɗaki ta ɗauko zoben makullan daga ƙusa. Ta ware baƙin nan ta ce, "Wannan kuma na wace ƙofa ce? A jefar da shi mana."

Na ce, "Mai da shi inda yake, Yaya. Na Malam ne. Gidansa ne na Turai."

Ta tsaya da shi a hannu, ta dube ni. Sannan ta kaɗa su sau ɗaya, yadda yake yi, ta rataye.